Abin da aikin rubuta maki ya koya min game da jifan konhol

A jihohin tsakiyar Amurka irin su Ohayo da Kentaki da Indiyana, da wuya a yi taron gashin nama, ko a taru a bakin filin ƙwallo kafin wasa, ba ka ga alluna biyu na katako suna fuskantar juna ana jifansu da ƴan jakunkuna ba. Konhol ke nan. Ni a Sinsinati, wani birni a jihar Ohayo, na san shi, lokacin da makarantar da nake karatun horar da ƴan wasa ta tura ni sanin makamar aiki a wata cibiyar wasanni ta unguwa. Cikin abin da aka ɗora min har da gasar dattawa da ake yi da yamma: in jera alluna, in auna tazara, in riƙe takardar maki.

Allon tsawonsa ƙafa 4, faɗinsa ƙafa 2, an ɗaga bayansa inci 12 daga ƙasa, sai ya zama gangare. Akwai rami a jikinsa mai faɗin inci 6, tsakiyarsa na inci 9 daga saman allo. Daga gaban wannan allo zuwa gaban wancan ƙafa 27 ne, wato mita 8 da ɗoriya. Kowa na da jaka huɗu, kowace nauyinta kusan giram 450. Ta faɗa rami maki 3, ta tsaya kan allo maki 1, wanda ya riga kai 21 shi ya ci. Da masara ake cika jakar a da, yanzu kuwa a manyan gasa ƙwayoyin roba ake zubawa, don masara na farfashewa ta koma gari, ga ƙwari da danshi.

Wani lissafi da na yi a bayan takardar maki ya sa na fara ɗaukar wasan da muhimmanci. Daga inda mai jifa ke tsayawa zuwa ramin kusan ƙafa 30 ne. A wannan tazara, in hannu ya kauce da digiri ɗaya tak, jakar za ta sauka wajen inci 6 gefe, daidai da faɗin ramin gaba ɗaya. Ido ba ya iya gyara digiri ɗaya a lokacin jifa. Sai dai jiki ya saba da maimaita motsi ɗaya, kuma a nan ne duk horon yake.

Mai rubuta maki yana tsaye a gefen allon da ake jifa, don haka saukar jaka nake gani, ba tashinta ba. A nan na lura cewa abin da ya raba ƙwararre da ɗan koyo shi ne yadda jakar ke isowa. Ta ɗan koyo tana zuwa tana tuntsurawa, ta sauka da kusurwa, ta yi tsalle ta nufi inda ta ga dama. Ta ƙwararre tana zuwa a kwance tana juyawa kamar faifai, ta sauka da cikinta duka, ka ji ƙara ɗaya mai taushi, sai ta zame miƙe ta faɗa rami. Juyawar ce ke hana ta kifewa a iska, kwanciyar kuma ke sa gogayyarta da allo ta zama daidai ta kowane ɓangare. In ta karkata ko kaɗan, gefen da ya fara taɓa katako shi ke riƙewa, sauran jakar ta murɗe ta kauce.

Akwai wani dattijo, tsohon kafinta, da ya nuna min riƙon da hannunsa. Yatsu huɗu a ƙasan jakar, babban yatsa a sama wajen tsakiya, ya ɗan girgiza ta har ƙwayoyin suka baje daidai. Ya ce, "Ɗana, kada ka matse ta. Ka sake ta tafin hannunka na kallon sama, ka bar yatsunka su ba ta juyi." Na kalli wuyan hannunsa: ba ya karyewa, ɗan buɗewa kawai yake yi a ƙarshe. Hannun gaba ɗaya daga kafaɗa yake lilo, baya zuwa gaba a kan layi ɗaya, kuma bayan jakar ta tafi hannun na nan a miƙe yana nuna allo.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ramin yake kallo ba. Yana da wuri a kan allo, ƙasa da ramin, wajen tsakiya, nan yake so jakar ta sauka, zamiya ta ƙarasa sauran. Wanda ke auna ramin kai tsaye yana neman wuri mai faɗin inci 6, in ya wuce kaɗan jakar ta faɗi bayan allo, ba ko maki ɗaya. Wanda ke auna gaban ramin, ko bai samu 3 ba ya samu 1, ya kuma tare wa abokin karawa hanya. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowane amfani, kuma shi ne mutane suka fi jinkirin karɓa, don jifan da ke faɗawa rami daga sama ba tare da taɓa allo ba ya fi burge ƴan kallo. Wannan jifan na da ranarsa, amma sai an toshe hanya.

Batun ƙafa bai da tsawo. Wasu na taku ɗaya, wasu na kafewa wuri guda, duka na ga masu cin gasa. Sharaɗin dai kada a tsallake layin gaban allo kafin a saki jaka, kuma a tsaya wuri ɗaya kullum.

Lissafin makin ma na canza yadda ake jifa, domin maki na soke juna ne. In ka samu 7 a zagaye, abokin karawarka ya samu 5, maki 2 kawai za a rubuta maka, shi ba komai. Saboda haka jakar da ka ajiye a gaban rami da gangan na iya fin wadda ta shiga daraja. Jakunkunan gasa fuska biyu gare su, ɗaya mai santsi, ɗaya mai riƙe allo. Mai riƙewa ita ce ta tare hanya, mai santsi ita ce ta ture jakar da ke gaba a shige tare. Masu kallon gasar American Cornhole League, wadda aka kafa a 2015 kuma tashar talabijin ta wasanni ESPN ke nunawa, za su ga ƴan wasa na juya jakar a hannu kafin kowane jifa. Zaɓen fuska suke yi. Yanayi ma na da nasa: ranar da iska ke da danshi, kamar yadda bazarar Ohayo ta saba, allo na riƙewa, sai a matsar da wurin sauka sama ko a koma fuska mai santsi.

Da aka ba ni ajin yara ranar Asabar, na matso da alluna kusa, na manna takarda mai faɗin jaka a gaban ramin, na daina ƙirga waɗanda suka shiga. Abin da muke rubutawa shi ne inda jaka ta sauka: kan takarda, hagu, dama, gaba ko baya. Hagu da dama laifin lilon hannu ne ko tsayuwa, gaba da baya kuwa lokacin saki ne. Nakan ɗauki jifan yaro da waya daga bayansa, mu kalla a hankali, ya ga da idonsa inda gwiwar hannunsa ta fita daga layi. Sai jakarsa ta riƙa sauka a kwance kan takardar akai-akai nake ja da allon baya da ƙafa biyu ko uku.