Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da su Mu'azu suka ɓace

A makon jiya na tsaya a inda wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi ta ba ni aikin manhajar sakamakon jarrabawa. Da harshen kwamfuta na PHP da rumbun bayanai na MySQL na haɗa ta, kwana uku a ɗakina na Tudun Wada. Na gwada da sunan Musa da Binta, komai lafiya lau, na karɓi rabin kuɗina.

Ranar raba kati shugabar makarantar ta kira ni. "Malam, yara goma sha ɗaya babu su a kwamfutarka, ga iyaye a tsaye."

A cikin keke nake ta zargin malamai da ƙin shigar da sunaye. Da ta miƙo min takardar sai jikina ya yi sanyi: Mu'azu, Sa'adatu, Ya'u, A'isha har uku. Duk masu alhamza.

A harshen SQL, wanda ake ba rumbun bayanai umarni da shi, wannan 'yar alamar ita ke buɗe zance ta rufe shi. Ni kuwa duk abin da malami ya buga a gurbin suna, haka nake liƙa shi cikin umarnin. Da an zo kan Mu'azu sai rumbun bayanan ya karanta "Mu", ya ɗauka magana ta ƙare, "azu" ya zame masa shirme, ya yi watsi da yaron. Ya kuma faɗi cewa ya ƙi karɓa, ni ne ban sa manhajar ta duba amsarsa ba. Ya shiga ko bai shiga ba, "An adana" take nunawa da koren rubutu.

Gyaran da na yi a ranar ya fi ɓarnar ban kunya. Sai na sa ta riƙa goge alhamzar. Kati ya fito da "Yau", uban yaron ya tambaye ni ko gobe ma na haifa masa wani.

Da daddare na kai wa wani yayana a sana'ar. Bai ce uffan ba, ya buga wasu haruffa da alhamza a gurbin kalmar sirri, sai ga shi a shafin shugaba, makin kowa a hannunsa.

"Ƙanina, tun 2005 PDO ke cikin PHP, hanyar da ke aika wa rumbun bayanai umarni daban, suna daban. A fayil nawa ka kwafi wannan layin mai liƙa suna cikin umarni?"

Na ƙirga, sha huɗu. Mako mai zuwa za ku ji wanda na manta ban gyara ba.