Babban yatsan Baba

A satina na uku da fara aiki a wata masana'anta a Jamus na sha kunyar da har yau in na tuna sai na runtse ido. Wata bakwai ke nan, abin bai sake ni ba.

Akwai wata ƙatuwar fanka mai zuƙe ƙura daga ɗakin injina, bel huɗu ke juya ta. Ran nan da sassafe ana kunna ta sai ta ɗauki ƙara, ƙiii, har cikin haƙori. Duk makanike ya san wannan kukan, bel ne ke zamewa a kan fuli, wato ƙarfen nan mai kwari da bel ke hawa yana juyawa. Ni da ban iya haɗa jimla biyu da Jamusanci ba, na ce to yau hannuna zai yi magana. Na kashe wuta, na rataya kwaɗona a jikin makunni yadda doka ta ce, na sassauta notin gindin moton da ke juya fankar, na ja shi baya. Na danna bel da babban yatsa, na ƙara ja. Na sake dannawa, na ƙara. Sai da ya koma kamar tsirkiya. Aka kunna, tsit. Ranar na koma ɗaki ina jin kaina, har na tura wa ƙanena saƙo cewa mutanen nan sun fara sanin wa suka ɗauka.

Kwana tara boris ɗin moton, wato zoben da sandarsa ke juyawa a ciki, ya ƙone.

Shugabar sashenmu dattijuwa ce marar yawan magana. Da faɗa ta yi min da ya fi sauƙi. Kafin a kwance komai ta kira ni, a gaban mutum biyar, ta fito da wata 'yar na'ura mai kai kamar makirfo. Ta kara ta kusa da tsakiyar bel, ta ɗan ƙwanƙwasa shi, ya yi rawa, na'urar ta auna saurin rawar, ta nuna 64. Ta nuna min takardar injin, an rubuta 45. A raina na ce ashe ma 19 ne kawai ya hau. Kamar ta ji ni. Ta ɗauki biro ta rubuta a bayan kwali: 45 sau 45, 2025, 64 sau 64, 4096. Ƙarfin ɗaurin da lambar sau kanta yake tafiya. Wato ninki biyu na ɗora, kuma duk nauyin nan a wuyan boris da sandar moto ya sauka, dare da rana.

Ba ta tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi cin raina. Da aka cire bel ta haska cikin kwarin fulin da tocila, sai ga ƙasansa yana sheƙi. Irin wannan bel mai tsinin ciki da gefensa biyu yake kamawa, bai kamata cikinsa ya taɓa ƙasan kwari ba. Fulin ne ya cinye, bel ya nutse, shi ya sa yake zamewa. Ni ban warkar da komai ba, bakin mara lafiya na toshe. Wani yaro da na girme wa da shekara goma ya ɗaga babban yatsansa yana murmushi. Har yau haka yake gaishe ni. Wai wasa ne.

Na koya, ba zan ɓoye ba. Yanzu kafin na taɓa noti sai na duba kwarin fuli da ma'auninsa, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na ga ko fulin biyu suna kan layi ɗaya. In bel ɗaya ya mutu cikin huɗu, duka huɗun ake sauyawa, don tsoho ya riga ya miƙe, sabon ne zai ɗauki kayan shi kaɗai. Ba a cusa bel da sukudireba, zaren cikinsa ke tsinkewa ba ka gani ba. Moto ake matsowa. In na'urar sauti tana hannun wani, akwai ma'auni mai sifirin kamar biro: a danna tsakiyar bel har ya lotsa milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazarar da ke tsakanin fuli da fuli, a karanta ƙarfin da aka sa, a gwada da na takarda. Sabon bel kuma ana komo masa bayan awa 24 zuwa 48, domin yana zama ya saki.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya min a rai, don a wurin Baba na fara ganinsa. Shekara talatin yana kan injin ban ruwa guda ɗaya, bai taɓa sa sabon bel ya kwana biyu bai koma ya danna shi ba. Yana kuma ɗora bayan hannu a kan boris ya ji zafinsa. Yatsansa injin nan ya sani, shi kaɗai. Ni na kwaso yatsan na kawo shi kan moton da ya ninka nasa sau nawa.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya gaya masa. Ya saurara har na gama, ya ce, “Kai dama tun kana yaro hannunka nauyi gare shi. Na sha gaya maka bel sai da ɗan numfashi.” Na ce, “Haka ne, Baba.” Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambaya ko matar ta kore ni. Na ce a'a, yanzu ma ni take ba na'urar. Ya yi shiru, na san daɗi ya ji, ba zai faɗa ba ne.

Bayan ya miƙa wa Inna wayar ne ta rage murya ta ce hannunsa ya fara rawa, ƙanena ne ke ɗaure masa noti yanzu, shi yana tsaye a kansa yana faɗa. Ba wanda ya gaya min sai ranar. Na zauna a bakin gado, waje duhu tun ƙarfe biyar na yamma, maƙwabcina ko sunansa ban sani ba.

Na sayi ma'aunin nan mai sifirin guda ɗaya don ƙanena, na rubuta masa yadda ake aiki da shi a takarda da Hausa. Yana cikin akwati, ina jiran mai tafiya gida. Na roƙe shi in ya iso kada ya fito da shi a gaban Baba.