Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jakin da Ba Ya Tirjiya

Makon jiya na yi alƙawarin kawo labarin yadda na bar shagon maigidana na buɗe nawa. Ku yi haƙuri, wannan zai jira. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya sake tayar da maganar zanga-zanga a majalisa, wai tun da yake bai taɓa ganin abin da ta tsinana wa talaka ba sai asarar rai da dukiya. Ban tanka masa a gaban mutane ba, gaba yake da ni. Amma na san yaransa suna karanta masa abin da nake rubutawa.

Ranar Lahadi 1 ga Janairun 2012 muka wayi gari gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 ta koma 141. Wanda ba tela ba ba zai gane abin da wannan ya yi mana a Fagge ba. Keken ƙafa ba ruwansa da wuta, amma injin aiki da dutsen guga sai da janareta, wutar kuwa kun san halinta. Galan ɗin da nake saye naira 260 ya haura 560 a gidan mai, wajen 'yan bumburutu kuma sai abin da bakinsu ya faɗa. Ga ɗinkin Mauludi ya fara shigowa, na riga na yi ciniki da mutane a tsohon farashi, wasu har sun ba da kafin alƙalami. Ka koma ka ce wa mai yara shida ya ƙaro kuɗi? Da wane baki?

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da duk wanda ya tashi a gidanmu ya haddace: jakin da ba ya tirjiya, kaya ake ƙara masa. Ɗan NEPU ne, jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun lokacin da ake ɓoye kati a cikin hula. An yi masa bulala a gaban alƙali, an kai shi gidan yari, laifinsa kawai ya tsaya sauraron laccar da ba a ba da izininta ba. Tabon yana bayansa har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni da Yaya muka yi masa wanka, ni ke zuba ruwa shi yana cuɗawa, don haka ba zai ce bai gani ba. A 1979 da Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke haraji da jangali, Baba bai ce komai ba, tsire kawai ya aika aka sayo wa duk gidan, abin da ba ya yi sai da salla. Yau babu mai unguwar da zai shanya mutum a rana don kuɗin haraji, kuma ba zaman majalisa ne ya kawo hakan ba.

To, a 2012 ɗin matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, suka raɗa masa Dandalin 'Yanci, suna koyi da abin da aka yi a Tahrir ta Masar shekara guda kafin nan. Ni lokacin na doshi hamsin, ba ni da maƙogwaron ihu, amma ina da bargo da fulas ɗin shayi, na kuma kwashi yaran shagona muka tafi. Hunturun shekarar ba na wasa ba ne. Mutane sun shimfiɗa tabarmi da kwalaye a kan kwalta, ɗaliban jami'a, 'yan acaɓa, lauyoyi, masu wankin hula. Da lokacin salla ya yi, Kiristoci suka riƙe hannun juna suka zagaye mu har muka sallame. Wani yaro Ibo da ke sayar da zare da allura a Sabon Gari, wanda kullum muke faɗa da shi a kan canji, shi ne a daidai bayana. Cikin dare aka zo aka tarwatsa mutane da barkonon tsohuwa da duka. Takalmina ƙafa ɗaya can na bar shi.

Ledojin fiya wata da aka riƙa rabawa a wajen, har da waɗanda Yaya ya aiko da su a bayan a-kori-kura. Na faɗa ne don kada a manta.

Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki, ƙasa ta tsaya cak. A Kano an rasa rayuka a ranar, Allah ya jiƙansu. Ranar 16 gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Masu cewa an sayar da mu suna da gaskiyarsu, 65 muka nema. Amma ni da lissafin galan nake aiki: naira 44 a kowace lita, 176 ke nan a galan, kuma farashin nan ya zauna shekara uku cur kafin a rage shi zuwa 87 gab da zaɓen 2015. Duk wanda ya hau mota ko ya kai niƙa a waɗannan shekaru ya ci albarkacin yaran da suka kwana a kan kwalta, har da masu zaginsu. Hayaniyar ce kuma ta sa majalisar wakilai ta kafa kwamitin Faruk Lawan, wanda ya tono sama da naira tiriliyan ɗaya da aka karkatar da sunan tallafi. Shi kansa daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hancin dala 500,000, wannan kuma tsakaninsa da Allah. Ba don an fito ba, wa zai buɗe wannan littafin?

Abin da ya binne labarin a Kano shi ne Juma'ar 20 ga Janairu, kwana huɗu bayan janye yajin aikin, da Boko Haram ta tayar da bama-bamai a gari aka kashe mutum sama da 180. Daga ranar ba wanda ya ƙara zancen fetur, kowa ta ransa yake yi.

Inda zuciyata take ƙuna shi ne watan Mayun 2016. Gwamnatin Buhari ta kai lita naira 145. Na ce a majalisa, jama'a, 145 ai ta fi 141, ina barguna da tabarmi? Wallahi kamar na yi saɓo. Wani ya ce an biya ni, wani ya ce dama ɗan PDP ne. Ni, ɗan mutumin da aka zane saboda Malam Aminu! Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Tela, kai dai ba ka da haƙuri. Mai Gaskiya ne fa, a ba shi lokaci." Ƙwadago ta kira yajin aiki, a layinmu ko shago ɗaya bai rufe ba sai nawa, har wani ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi mana. Baba bai ce jaki ya duba fuskar mai ɗora kayan ba tukuna. Yaranmu suna kallo, abin da suka koya a ranar shi ne ana fita titi ne kawai idan mai mulki ba naka ba ne.

Kaya kuwa aka ci gaba da ƙarawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin mu farga lita ta haura 500, daga baya ta wuce 600. Janaretana ya koma wajen ajiye ƙyallaye.

Da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa ranar 1 ga Agustan 2024, ba malaman jami'a a gaba, ba ƙwadago, ba dattawa. Manya sun gama wa'azin a zauna a gida, wasu da zuciya ɗaya, wasu Allah ya san dalilinsu. Sai yara suka fito su kaɗai suna "Ba ma yi!", cikinsu ba komai. An fasa shaguna, an wawashe sabuwar cibiyar fasaha ta hukumar sadarwa NCC da ko buɗe ta ba a yi ba, aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ban goyi bayan wanda ya ɗauki kujerar gwamnati ya gudu da ita ba, sata sunanta sata. Amma a 2012 akwai masu riƙe layi, in yaro ya ɗauki dutse tun kafin ya jefa wani babba ya ƙwace. A 2024 waɗannan manyan suna ina?

A kwanakin ne wani yaron unguwarmu, ɗan marigayi mai gyaran rediyo, ya shigo shago da yadi kala uku, fari da shuɗi da ja, wai in haɗa masa tutar Rasha. A waya ya ga ana ɗaga ta a Yamai bayan juyin mulkin Nijar. Na ce, "Kai, zo nan. Rasha gabas take ko yamma?" Ya yi shiru. Na ce, "Ka karya?" Ya sunkuyar da kai. Na sa aka sayo masa ƙosai, na ƙwace yadin na ce sai uwarsa ta zo. Bayan kwana biyu aka fara kama teloli a gari kan tutar nan.

Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a waɗannan kwanaki, dukkansu a jihohin Arewa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, bayan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, ƙasusuwan haƙarƙari a waje. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da hoton ya zagaya duniya, mutane suka yi ca, sannan aka ba da umarnin a sake su. Wannan ma tirjiya ce ta fito da su, ko da a waya aka yi ta.

Uwar yaron ta zo ta karɓi yadin, farin na ɗinka wa ƙanwarsa hijabin Islamiyya kyauta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma 1984, shekarar canjin kuɗi da layin madara da sabulu, da yadda Inna ta kusa asarar kuɗin adashinta da ta binne a ƙarƙashin randa.