Yadda Na Sabunta Tsohuwar Durowar Katako Don Ɗakin Baƙi

Lokacin da na sayi durowar a hannun wanda ya gama amfani da ita, abin da ya ja hankalina shi ne nauyinta da ƙarfin ƙafafunta, duk da cewa fuskarta ta dushe, samanta kuma ya cika da tabon ruwa. Aljihu biyar gare ta, biyu daga ciki sai an yi da gaske suke buɗuwa. Niyyata ita ce in ajiye ta a ɗakin baƙi, domin ba na jin daɗin ganin baƙo yana kwana uku kayansa na cikin jaka a ƙasa.

Kafin in taɓa sanfefa, na zare aljihunan duka, na rubuta wa kowanne lamba a ƙarƙashinsa, saboda tsohon katako yakan saba da gurbinsa, idan aka sauya masa wuri sai ya cije. Na kwance mariƙan na tara su da ƙusoshinsu a gwangwani ɗaya, sannan na duba ko'ina ko zan ga ƙananan ramuka da garin itace, waɗanda su ne alamar ƙwaro na cin katakon. Na yi sa'a babu. Daga nan na wanke jikinta da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, sai na tarar da cewa rabin abin da na ɗauka lalacewa ce ashe dauɗar shekaru ce kawai.

A wurin gogewa ne na yi kuskuren da har yanzu nake tunawa. Na ɗauka saman durowar katako ne mai kauri, sai na fara da sanfefa mai kaushi, lamba 80, ina dannawa da ƙarfi don in kawar da tabon ruwan da wuri. Ashe siririn ɓawon katako mai kyau ne aka manna a kan wani na daban, kuma irin wannan ɓawo kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Kafin in ankara na cinye shi a kusurwar hagu, wani farin katako ya leƙo. Da na leƙa gefen baya tun farko, da na ga layin da ya raba su, amma gaggawa ta hana ni. Na tsaya, na koma lamba 120 da hannu mara nauyi, sannan 180, na ƙarasa da 220, ina bin tsawon jijiyar katakon, domin duk gogewar da aka yi a gicciye tana ɓoyewa ne sai an shafa mai ta fito fili. Kusurwar da na ɓata kuwa, na rina ta da launi mai ɗan duhu har ta yi kusa da sauran, ko da yake idona yana gane ta.

Na sa takunkumi duk tsawon aikin, kuma a waje na yi shi, saboda tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta guba ce, musamman ga yara. Wuraren da suka loɓa ba tare da katakon ya tsage ba, na ɗora musu jiƙaƙƙen tsumma na danna dutsen guga mai zafi na 'yan daƙiƙoƙi, tururin ya kumbura su suka dawo daidai.

Man sheƙin na shafa shi sau uku, kowane shafi siriri, ina barin kwana guda tsakani tare da goge shi sama-sama da lamba 220. Shafin farko bai burge ni ba ko kaɗan, har na so in zuba mai da yawa a na biyu, sai na tuna cewa mai kauri yakan zubo ya daskare da ƙura a jikinsa. Tsummokaran da suka sha mai na shanya su a buɗe, domin idan aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya yin zafi har su kama wuta.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne cikin aljihunan, kuma a ganina nan ne aikin yake, tunda nan baƙo zai sa tufafinsa. Warin daɗewa ya kama su, don haka na shanya su a inuwa mai iska na mako guda, na zuba gawayi a ciki. Na sake manna wata gaɓa da ta saki da gam, na goga kyandir a hanyoyin da aljihunan ke bi, sai ga biyun nan masu taurin kai suna buɗuwa da yatsa ɗaya. Da na shigar da ita ɗakin, na ɗaure bayanta da bango, saboda durowa mai tsayi tana iya kifowa idan yaro ya ja aljihu ya hau, sannan na bar tagogi a buɗe har ƙamshin man ya fita kafin baƙon farko ya sauka.