Daga Warso zuwa ƙauyen Tatar, a kan dunƙulen dankali

Tun kafin in iya gaisuwa da harshen mutanen Poland na haddace kalmar "wieprzowina", wato naman alade. Ta biyu ita ce "skwarki", ƴan gutsattsarin kitsen alade da suke soyawa su barbaɗa a kan abinci kamar yadda muke barbaɗa yaji. Wannan ta biyun ce ta hana ni sakewa wata shida a Warso, babban birnin ƙasar, domin mutanen nan sun iya sarrafa dankalin Turawa, amma da wuya su kawo maka shi ba tare da ita ba.

Ni a saninmu na gida dankali ko a soya da ƙwai, ko a yi fate. A can kuwa tuwo suke yi da shi, su dunƙula, su jefa a tafasasshen ruwa kamar ɗanwake. Kowane yanki da irin nasa. Akwai kopytka, ƙanana da ake yanka a karkace, ma'anar sunan "ƴan kofato". Su na fara ci a wani gidan abinci mai araha irin wanda suke kira bar mleczny, bayan na maimaita wa mai zubawa "bez skwarek", wato "ban da skwarki", sau uku har ta yi dariya, ta kwarara mini man shanu a madadinsu. Akwai kuma pyzy na unguwar Praga, tsallaken kogin Wisla, da ake sayarwa da zafinsu a cikin kwalba. Waɗannan kallo kawai na yi, na haɗiye yawu, saboda kitsen nan ya riga ya jiƙe su tun daga gindin kwalbar.

Abokin karatuna, wanda kakarsa ƴar yankin Silesiya ce, shi ya gaji da ƙorafina. Ya taɓa dafa mini kluski śląskie a ɗakin girkinmu na ɗalibai, kuma awon ya burge ni: a daka dafaffen dankali a baje a kwano, a tsaga shi gida huɗu, a ɗebe kashi ɗaya, a cike gurbin da garin sitacin dankali, sannan a mayar da wanda aka ɗebe, a fasa ƙwai. Babu sikeli, babu kofi. Kowane curi a dangwala masa yatsa a tsakiya don miya ta sami wurin zama, kamar dai yadda muke yi wa lomar tuwo. Amma ya ce sarkinsu duka shi ne kartacz, kuma in ina son wanda zan ci hankali kwance, sai mun je gabas, inda Musulmin ƙasar suke.

Ranar wata Asabar cikin Oktoba muka hau jirgin ƙasa zuwa Bialistok. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da dajin itatuwan pine, babu ko tudu ɗaya na kirki, har na yi gyangyaɗi. Daga can muka karɓi aron mota muka nufi Kruszyniany, ƙauyen da ke dab da iyakar Belarus. Ni dai "Kurushiniyani" nake cewa, abokina yana gyara mini har ya haƙura.

Masallacin ya fara tsayar da ni. Na katako ne, an shafe shi da koren fenti, da ƴan hasumiyoyi masu jinjirin wata, kuma in ba don jinjirin ba sai ka rantse cocin ƙauye ne. Mutanen da suka gina shi Tatar ne, zuriyar mahaya dawakin da suka yi wa sarakunan ƙasar aikin soja. A 1679 Sarki Jan Sobieski na Uku ya ba su filaye a wannan yanki a madadin albashin da suke bin baitulmali. Harshensu na asali ya daɗe da ɓacewa, Polanci suke yi kamar kowa, amma sallah tana nan. Na cire takalmi, sanyin dandamali ya ratsa safata, na yi raka'a biyu. A maƙabartar da ke bayan ƙauyen, cikin itatuwa, na ga duwatsun kabari da Bismillah a sama, sunan mamaci da haruffan boko a ƙasa.

Matar da muka ci abinci a wurinta dattijuwa ce, gajera, da kallabi. Na yi mata sallama ta amsa cikakkiya, sai na ji bakina ya kira ta Inna. Abokina ya fassara mata, ta ce ta karɓa. Da na fara jero tambayata ta kullum a kan nama, ta ɗaga hannu ta ce na sa ne, a gidan nan ba a taɓa ɗora wancan a wuta ba.

Ta bar ni na tsaya a bakin madafa. Ɗanyen dankali ta gurza, mai yawa, ta juye a farin ƙyalle ta murɗe da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ruwan da ya fita ba ta zubar ba. Ta ajiye shi ya kwanta, ta tsiyaye na sama, sai ga farin sitaci a gindin kwano kamar ƙullun koko, ta kankare shi ta mayar cikin dankalin. Shi ne ke riƙe curin kada ya watse a tukunya. Ta ƙara ɗan dafaffen dankali da gishiri, tana sauri, domin gurzajjen dankali ba ya jira, nan da nan yake yin toka-toka. Ta fakaɗa ƙullin a tafin hannu, ta ɗora niƙaƙƙen nama da albasa da tafarnuwa, ta rufe, ta mulmula shi dogo kamar ƙatuwar gwaza. Wai daga harsashin igwa na zamanin da sunan kartacz ya samo asali. Maƙwabtansu na Lituweniya kuma suna kiran nasu cepelinai, saboda kamarsa da jirgin balan-balan na Zeppelin. Na karɓi ƙulli na gwada ɗaya, ya tsage a gefe, nama ya leƙo. Inna ta karɓe ta shafe tsagar da jiƙaƙƙen yatsa ba ta ce komai ba.

Sun kusa rabin awa a ruwan da ke tafasa a hankali. Kafin su nuna ta ba mu kołduny, ƴan ƙunshin fulawa da nama a cikin romo, wanda ta ce a jefa ɗaya gaba ɗaya a baki don kada romon cikinsa ya zube. Sai ga kartacze biyu-biyu a faranti, da soyayyiyar albasa da kirim mai tsami kamar kindirmo. Launinsu ba abin yabo ba ne, fari ne da ya sha toka. Amma bayansu yana da danƙo irin na sakwara, in ka tsaga kuma ruwan naman ya gangaro. Gaskiya gishiri da albasa kaɗai ba su ishi harshen Bahaushe ba, na yi ta jiran yajin da bai zo ba. Duk da haka na gama ɗaya da rabi, na ji kamar na ci malmala uku, abokina kuwa ya share nasa ya ja ragowar nawa.

Da za mu tafi ta ƙunsa mini guda uku, har da wanda na tsaga, ta ce gobe in yayyanka in soya. Mun iso Warso da tsakar dare. Da safe na soya su a man shanu har gefen ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, na ɗauko ƙullin yajin ƙuli da mahaifiyata ta cusa mini a akwati, na barbaɗa. Abokina ya shigo yana cewa na ɓata abincin kakanni, ya ɗanɗana ɗaya, ya yi tari, ya ɗauko cokali mai yatsu ya ja kujera.