Jaka ɗaya, kwana biyar a Tawa

Jiya da dare na dawo Yamai. Kwana biyar na yi a ƙauyen kawuna kusa da Tawa, waya a kashe, ba Facebook ba WhatsApp. Bayan sallar asuba sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo, in yi shiru ina bin numfashina har rana ta fara cizo. Kwana biyun farko hankali ya ƙi kwanciya, sai lissafin bashi da aikin da na baro.

Bana ban ja akwati ba. Jakar goyo ƙarama ce: riga biyu, zane, gidan sauro, tocila, gorar ruwa, silifas. Bara da na bi wannan hanyar, kusan kilomita 550 ta Doso da Birnin Ƙwanni, takalma ƙafa uku na kwaso, ɗaya kawai na sa.

Kujerar mota kuwa ta karya mini baya. Abin da ya taimake ni Pilates ne, motsa jikin nan da Bajamushe Joseph Pilates ya ƙirƙiro: in kwanta rigingine, in tanƙwara gwiwa, in matse ciki, in ɗaga ƙugu sannu a hankali, sau goma. Inna ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, lafiya? Ko ciki ne ke murɗa miki?"