Awon lebur a gonar shinkafa ta gefen Kadawa

A shekarar da na fita horon sanin makamar aiki, lokacin ina ɗalibin awon ƙasa, an tura ni wurin wani safiyo da ya daɗe yana aiki a gonakin noman rani na kudancin Kano. Aikin farko da ya damƙa mini shi ne awon lebur a wata gona mai faɗin hekta 4 a gefen yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake bin manyan magudanai yana gangarowa da kansa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Mai gonar dattijo ne da ke son komawa noman shinkafa, kuma bukatarsa ita ce a nuna masa ta inda zai haƙa ƙaramar magudana yadda ruwa zai isa kowane fangali. Da na tsaya a bakin gonar na ƙare mata kallo, sai na gan ta shimfiɗe kamar tabarma, har na ce wa maigidana: "Yallaɓai, ban ga wani gangare a nan ba." Ya ce: "Kai dai kafa na'ura, ido ba ya awon lebur."

Duk wanda ya taɓa ganin magini yana ɗaukar lebur da tiyo mai ruwa ya riga ya san tushen wannan aiki, domin na'urar lebur ba komai take yi ba illa samar da layi guda a kwance, sannan a auna nisan ƙasa daga wannan layi a wurare daban-daban. Sai dai dole a fara daga wurin da aka san tsayinsa, wanda ba ya motsi. Alamomin gwamnati a Najeriya suna ɗaukar tsayi ne daga matsakaicin fuskar teku a Legas, shi ya sa ake cewa birnin Kano yana kan tsayin kusan mita 480. Da yake aikinmu bai wuce gona guda ba, sai muka zaɓi kan wani kwalbati na kankare a bakin hanya, muka yi masa alama da fenti, muka ba shi tsayin mita 100.000, ya zama alamar tushenmu.

Na kafa ƙafafun na'urar guda uku, na danna su cikin ƙasa, na juya ƙusoshin gindinta har ƙwayar iskar da ke nuna na'urar ta daidaita ta zauna a tsakiyar da'irarta. Yaron da ke riƙe sandar awo ya ɗora ta a kan alamar, na leƙa na karanta 1.425. Wannan shi ne karatun baya, kuma idan aka tara shi da 100.000 sai a sami 101.425, wato tsayin layin gani, layin nan a kwance da na'urar ke samarwa. Ya matsa gaba ya kafa sandar, na karanta 2.180, wato karatun gaba, na cire daga 101.425, ya rage 99.245. Abin da ya fara rikita ni shi ne yadda babban karatu ke nufin ƙasa ta yi kwari, ƙarami kuma tudu, amma da na tuna cewa daga layin gani ake aunowa zuwa ƙasa sai abin ya zauna mini. Haka muka zagaye gonar muna kafa turaku, tafiyar kusan kilomita 1, na ɗaga na'ura na sake kafa ta sau 8, muka dawo kan kwalbatin da rana tsaka.

Na zauna a inuwar darbejiya na yi lissafi. Jimlar karatun baya, idan aka cire mata jimlar karatun gaba, ta yi daidai da bambancin tsayin farko da na ƙarshe, saboda haka lissafin littafina ba shi da aibu. Amma kwalbatin da na bari a 100.000 na dawo na same shi a 100.063, alhali kankare bai tashi daga inda yake ba. A irin wannan aiki, ƙa'idar da aka koya mana ba ta yarda kuskure ya wuce milimita 12 a zagayen kilomita 1 ba, ni kuwa ga ni da 63. A ranar na gane cewa gwajin lissafi hannun mai rubutu kaɗai yake bincika, bai san abin da ya faru a fili ba, kuma komawa kan alamar tushe ne kaɗai ke tona kuskuren fili. Zuciyata ta raya mini in raba kuskuren a kan turakun in wuce, tunda santimita 6 bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Da na faɗa wa maigidana, sai ya tambaye ni gangaren da za a ba magudanar. Na ce 1 cikin 1000, wato santimita 10 a kowace mita 100. Bai ƙara magana ba, domin ni da kaina na ga cewa kuskurena ya cinye gangaren fiye da mita 60 na magudanar, kuma shinkafar da ke son ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10 za ta nutse a wani fangali, ta bushe a wani.

Washegari muka bi sawun turakun ɗaya bayan ɗaya. A wurare biyu da gonar ta kusanci fadama, inda ƙasa ke da danshi, na durƙusa na ga ramin da gindin sandar ya bari, mai kusurwa huɗu, ya lotsa cikin laka har ɗan ruwa ya taru a ciki. Waɗannan wurare ne na sauyi, inda sanda ke tsayawa yayin da ake ɗauke na'ura zuwa gaba, a yi musu karatun gaba sannan a yi musu na baya. Tsakanin karatun biyu yaron ya juya sandar ta fuskance ni, ita kuwa ta ƙara nutsewa, karatun baya ya ƙaru, duk abin da ya biyo baya ya tashi sama. Laifin ba nasa ba ne, nawa ne da ban zaɓa masa wuri mai tauri ba, ban kuma ba shi turke ko dutsen da zai ɗora sandar ba.

Sauran kuskuren daga na'urar ya fito, amma shi ma ni na ba shi ƙofa. Maigidana ya sa na buga turaku biyu, mita 60 tsakaninsu, na kafa na'ura a tsakiya na karanta duka biyun, sannan na mayar da ita dab da ɗayansu na sake karantawa. Bambancin tsayin turakun a awo na biyu ya saɓa wa na farko da milimita 9, alamar layin gani ya ɗan ɗaga sama. Irin wannan karkata tana share kanta idan nisan na'ura zuwa sandar baya da zuwa ta gaba sun zo ɗaya, domin abin da ta ƙara wa karatun baya shi take ƙara wa na gaba. Ni kuwa, garin sauri, nisan bayana yakan fi na gaba da kusan mita 30 a kowace kafawa, wanda a kafawa 8 ya tara kuskuren kimanin milimita 36. Daidaita nisan nan yana kuma maganin lanƙwasar doron ƙasa, wadda ba ta kai milimita 1 a mita 100 ba, amma takan kai kusan santimita 8 a kilomita 1. Muka sake zagayen da sassafe, kafin kawalwainiya ta fara kaɗa lambobin sanda, ina auna taku daidai ta kowane ɓangare, yaron yana karkaɗa sandar gaba da baya a hankali ina ɗaukar mafi ƙarancin karatu, tunda a nan ne take tsaye cak. Muka rufe da milimita 7.

Daga nan muka yanka gonar murabba'i-murabba'i, mita 20 kowane gefe, muka karanta wurare 121. Da dare na zauna zana layukan da masu sana'ar ke kira kwantuwa, wato layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu yake ɗaya, na bar santimita 25 tsakanin layi da layi saboda ƙasar ba ta da gangare sosai. Idan turke guda yana 99.10, maƙwabcinsa yana 99.50, to layin 99.25 zai ratsa a mita 7.5 daga na ƙasan. Haka na yi ta ɗiga fensir ina haɗawa, ina lura kada layi ya haye ɗan'uwansa. Sannu a hankali gonar da na kira tabarma ta fito a takarda da gangaren fiye da mita 1 daga kusurwa zuwa kusurwa, layukan sun matsu a gefen fadama inda ƙasa ta fi zubewa, sun ware a tsakiya.

Na kai wa dattijon taswirar ina yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ina kwarin da ruwa ke kwana a ciki da damina?" Na duba takarda ban ga kwari ba. Ya ja ni zuwa tsakiyar gonar, ya nuna mini wata 'yar lotsawa mai tsawo wadda faɗinta bai wuce taku goma ba, ƙasarta baƙa ta tsattsage, ciyawarta ma daban take da ta kewaye. Ta bi ne daidai tsakanin layuka biyu na turakuna, babu turke ko ɗaya da ya faɗa cikinta. Lissafin raba tazara yana ɗauka cewa ƙasa tana gangarewa bai ɗaya tsakanin turke da turke, ita kuwa ƙasa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Na ce: "Baba, gaskiyarka." Muka ƙara karatu 14 a gindin kwarin da gaɓoɓinsa, muka haɗa da wani tsohon suri da aka rushe amma gurbinsa ya rage tudu. Da na sake zane, layukan suka lanƙwashe a kwarin, tsininsu yana nuna sama ta inda ruwa ke fitowa. Tun daga lokacin ba na buga turke a gona sai na zaga ta da mai ita, ya nuna mini inda ruwa ke bi da inda yake tsayawa.

Magudanar da na fara tsarawa za ta ratsa kwarin ne kai tsaye, da kuwa ruwa ya fasa ta a nan. Muka karkatar da ita ta bi tudun gonar, kwarin kuma aka bar shi ya zama mafitar rarar ruwa. Na buga turke a kowace mita 20 na rubuta wa masu haƙa zurfin da za su yi a jikinsa. Ranar da aka saki ruwa na bi shi a ƙafa, yana tura busassun ganye a gabansa, har ya isa fangalin ƙarshe kafin la'asar. Na tsoma sandar awo a fangalin farko na karanta santimita 8, na je na ƙarshe na karanta 7.